Yadda Ake Ɗaukar Ƙananan Yara Hoto Ba Tare da An Sa Su Ƙame Ba

Buɗe wayar kowace uwa ko kowane uba a unguwarku, akwai wani hoto da ba za ka rasa ba: yara sun jeru a jikin bango, hannuwa manne da cinya, an yashe haƙora amma ba dariya ake ba, idanu sun yi tsuru-tsuru don wani babba yana riƙe da waya yana daka tsawa, "Ku kalli nan mana!" Shadda ta fito, takalmi ya fito, hula ta zauna daram. Yaron da kowa ya sani a gidan kuwa, sarkin surutu da ƙiriniya, babu shi a ciki.

Abin da ke jawo haka shi ne mun ɗauka yaron ake shiryawa. Ba shi ake shiryawa ba. Haske ake shiryawa, da wuri, da lokaci, da na'ura, da manyan da ke tsaitsaye a wajen. In waɗannan sun kammala sai a saki yaro ya yi halinsa, kai kuma ka zauna cikin shiri. Bayanin nan ya shafi yara daga jarirai zuwa 'yan shekara 6 ko 7, kuma ko da waya kake aiki ko da babbar kyamara, hanyar ɗaya ce.

Mataki na 1: izini, sannan lokacin yaron

In yaron ba naka ba ne, fara da iyayensa. Akwai gidajen da ba sa son hoto sam saboda fahimtarsu ta addini, akwai waɗanda suka yarda a ɗauka amma ban da sakawa a intanet, wasu kuma bakin mutane suke gudu. Ba hurumin mai hoto ba ne ya yi musu da kowa a kan ɗansa. Ka tambaya ƙarara: a ɗauka? Wa za a tura wa? Ya tsaya a gida ko ya fita?

Tambaya ta biyu ga uwar ce: yaushe yake barci, yaushe yake cin abinci? Lokacin da kake nema shi ne bayan ya tashi, ya ci, ya wartsake. Yaro mai jin yunwa ko barci babu dabarar da za ta yi masa. Ka kuma sa a ranka cewa ɗan shekara 2 ko 3 zai ba ka minti 20 ne, in ka yi sa'a 30, daga nan ya gama da kai. Ranar Sallah a ɗauka da safe kafin a fita yawo, kafin miya da zufa su taɓa kaya, kafin sabon takalmi ya fara cizo.

Mataki na 2: nemo haske tun ba a kira yaro ba

A nan aka fi yin asara, don haka zan daɗe a kai. Rana ba ta yi mana kaɗan ba, yawa ta yi. Daga wajen ƙarfe 11 na safe zuwa 3 na yamma tana tsaye a tsakiyar kai: kwarmin ido ya yi baƙi, goshi da karan hanci su yi ta ƙyalli, yaro ya runtse ido yana yamutsa fuska. In a fili kake son hoton, to da hantsi da wuri, daga ƙarfe 7 zuwa 9, ko kuma la'asar sakaliya. A Kano rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba da Disamba, kusan ƙarfe 7 a Yuni da Yuli, kuma awa ɗayan da ke gabanin faɗuwar ita ce zinariya. Sai dai a ƙasashenmu magariba ba ta jira. Da zarar rana ta sunkuya bayan gine-gine, haske ya tafi. Ka iso da wuri.

Amma mafi kyawun haske a gidan Bahaushe ba a fili yake ba, a bakin ƙofa yake: ƙofar zaure, ƙofar ɗaki, ko gefen baranda. Duba ƙasa ka ga inda rana ta tsaya inuwa ta fara. Yaron ya zauna taku ɗaya ko biyu cikin inuwar, fuskarsa tana kallon waje, kai kuma ka ba tsakar gida baya. Abubuwa uku ne ke faruwa lokaci guda. Hasken da ke sauka a fuskarsa mai laushi ne, ba ya kashe ido. Ƙasar tsakar gida ko simintin tana mayar da haske sama, ya cike ƙarƙashin haɓa da kwarmin ido. Cikin ɗakin da ke bayansa kuma ya yi duhu, ya haɗiye tarkacen da ke ciki. Wannan hasken yana nan ko da azahar ce, kyauta, a kowane gida. Seydou Keïta, mai hoton nan na Bamako da ya buɗe wurin aikinsa a 1948, yawancin hotunan da suka sa duniya ta san shi a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, da zane rataye a baya. Nasa hotunan na zama ne a tsare, ba irin wanda muke nema ba, amma darasin hasken bai canja ba.

Yadda za ka gane ka dace: leƙa ƙwayar idon wanda ka tsayar a wurin. In ka ga ɗan ɗigon haske yana walƙiya a ciki, wurin ya yi. In idon ya yi baƙi ƙirin babu ɗigo, juya shi kaɗan-kaɗan zuwa ƙofa har ya bayyana. Gwada da babba ko yayan yaron, kada ka ƙarar da haƙurin ƙaramin a kan gwaji.

A cikin ɗaki, taga ce fitilarka. Ɗage labule, ka kashe ƙwan lantarki, don hasken ƙwai da na rana launinsu daban, in sun haɗu a fuska rabi ya yi ruwan ɗorawa rabi ya yi shuɗi-shuɗi. Yaron ya ba tagar gefen fuska, ba ƙeya ba. In ɗaya gefen ya yi duhu da yawa, a riƙe farin zanen gado ko farin kwali a wajen, ko kawai wani mai farar jallabiya ya tsaya kusa. Ka kula da fentin bango: koren bango ko shuɗi yana zuba launinsa a fatar yaro in ya matsa kusa da shi.

Inuwar bishiya tana da yaudara. Darbejiya tana tace rana, ta bar ɗige-ɗigen haske a fuska kamar fatar damisa, kuma ido ba ya lura sai an duba hoton daga baya. Inuwar mangwaro ta fi kauri. Ko a nan ma, a tsaya a gefen inuwar ana kallon fili, ba can gindin bishiyar ba.

Lokacin hunturu hazo yana yi maka rabin aiki, don yana tausasa rana har kana iya ɗauka a fili da hantsi sosai. Kuɗin da yake karɓa shi ne ƙura a gilashin kyamara da fatar yara da ke yin furu-furu, leɓe a tsattsage. A shafa musu mai kamar rabin awa kafin a fara don ya shige jiki. Basilin da aka lafta yanzu-yanzu sai ya sa goshi ya yi ta walƙiya. Da damina kuwa, ranar da gajimare ya rufe sama, ko'ina wurin hoto ne.

Filasha: kashe ta. Tana daskarar da fuska, ta jefa baƙar inuwa a bango, ta kuma sanar da yaro duk lokacin da ka danna.

Mataki na 3: share bayan

Tsuguna a inda za ka ɗauka ka duba abin da zai fito a bayan yaron. Bokiti, igiyar shanya, janareta, takalman baƙi, a kawar. Bangon ƙasa, ƙofar katako, tabarma ko zanen atamfa ɗaya da aka rataya sun isa. A raba yaron da bangon da kamar mita 2, bayan zai dusashe shi kuma ya fito. A nan ne kuma za ka duba haɗari: rijiya, murhu, bakin titi, matakala. Wanda idonsa ke kan allon waya ba ya ganin gefe, don haka a samu babba ɗaya da aikinsa tsaron yaron kawai.

Mataki na 4: saita na'ura

In waya ce, fara da goge gilashin da gefen riga mai laushi. Rabin hotunan da ake cewa "wayar ce ba ta da kyamara" maiƙon yatsa ne. Sannan shiga ka kashe filtar kwalliya. Wayoyi da yawa, har da Tecno da Infinix da ke hannun yawancinmu, suna da wannan saitin da ke goge fata ya kuma haskaka ta. A fuskar babba ma abin da sauƙi, a fuskar yaro ɓarna ce: fatar da babu abin da ke damunta a mayar da ita roba, a canja masa launin da Allah ya ba shi.

Babbar matsalarmu ita ce baƙar fata cikin fararen kaya. Kyamara tana auna hasken hoton gaba ɗaya, ta ga farar shadda ta yi yawa, sai ta rage haske, fuska ta nutse. Maganin: taɓa fuskar yaron a allo, wata 'yar alamar rana za ta fito, ja ta sama kaɗan har fuskar ta fito yadda idonka ke ganinta. In rigar ta ɗan ƙone da haske, babu laifi, fuska ake nema. A bakin ƙofa mai duhun baya kuma akasin haka ke faruwa, wayar tana ƙara haske fiye da kima, sai ka ja alamar ƙasa.

Kada ka kai waya dab da fuska. Babban gilashin waya mai faɗin gani ne, in ya matso sai hanci da goshi su kumbura, kunnuwa su tsuke. Ja baya kamar mita ɗaya da rabi ka danna 2x. Wuce nan da yatsu biyu kuwa, a yawancin wayoyi, yanka hoton kawai kake yi yana rasa kyau. Saitin da aka rubuta Portrait yana dusar da baya da kyau in yaro yana zaune, amma yakan cinye gefen kitso da duwatsun gashi, kuma ba ya iya bin mai gudu. Saitin dare ma manta da shi, yana buƙatar mutum ya tsaya cak na daƙiƙu.

Abin da ya fi komai amfani shi ne ɗauka a jere, wato hotuna da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. A iPhone daga XS zuwa sama ana jan maɓallin ɗauka zuwa hagu a riƙe. A Samsung na yanzu ana jan shi ƙasa. A wasu wayoyin danne shi ake yi, a wasu kuma dannewar bidiyo take farawa. Gwada taka tun kafin ranar.

In babbar kyamara ce, saurin shata ne farko, wato ɗan lokacin da take buɗewa haske ya shiga, ana auna shi da kason daƙiƙa. Yaro a zaune, 1/250. Mai tafiya ko wasa da hannu, 1/500. Mai gudu da tsalle, 1/1000. Ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau da kansa har 3200 in ta kama, don hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ya fi wanda ya yi dishi-dishi saboda motsi. Na farko ana gyara shi, na biyu sai shara. Lens, wato gilashin kyamara, na 50mm f/1.8 yana cikin masu araha a wajen Canon da Nikon, kuma ya isa wannan aikin har ya yi saura. Lambar f faɗin buɗewar lens take nunawa, ƙaramar lamba ta fi dusar da baya, sai dai kada zumuɗin hakan ya sa ka zauna a f/1.8 kullum: daga kusa, ido ɗaya ne zai fito, ɗayan ya ɓace, in yaron ya motsa kaɗan kuma duka biyun su tafi. Ga yaro ɗaya f/2.8 ya fi aminci, ga biyu ko uku f/4 zuwa f/5.6. Sa fokas mai bin motsi, wanda Nikon da Sony ke rubutawa AF-C, Canon kuma AI Servo ko Servo, ka kunna gano ido in kyamarar tana da shi. Ga fararen kaya ƙara haske da +0.3 zuwa +1.

Mataki na 5: manya su ja baya

Wanda ya fi ɓata hoton yaro ba yaron ba ne. Uwa tana cewa gyara hula, uba yana cewa miƙe tsaye, goggo tana tafi ta dama, yaya yana fito ta hagu. Yaro ya rasa wa zai kalla, sai ya ƙame ko ya fashe da kuka.

Dabarar da ke aiki ita ce ka fara ba iyaye nasu. A jera yaran, a gyara hula, a kalli kyamara, ka ɗauka cikin minti 2, ka nuna musu. Hankalinsu ya kwanta, an samu na turawa dangi. Sai ka ce, "Hajiya, a ɗan bar mini su haka nan, ko sun ɓata kayan ba komai, mun riga mun samu na kwalliya." Mutum ɗaya kaɗai za ka bari, wanda yaron ya fi sakewa da shi, kuma ya tsaya dab da kafaɗarka don in yaron ya kalle shi ya zama kamar kyamara ya kalla. Kalmar "yi murmushi" kuma a ajiye ta gaba ɗaya. Ita ke haifar da yaƙen nan.

Cin hanci ma a yi hattara. Alawa tana rina harshe ta kawo dalala, kuma da an nuna ta yaron ba shi da sauran magana sai ita. Waya mai katun ta fi muni, don kai zai sunkuya ba zai ƙara ɗagowa ba.

Mataki na 6: sauka ƙasa

Zauna a tabarma, durƙusa, ko ka kwanta rub da ciki, har gilashin kyamara ya yi daidai da idon yaron. Hoton da aka ɗauka daga tsaye yana ba da ƙaton kai da 'yan ƙafafu. A wajenmu akwai ƙarin dalili: an tarbiyyantar da yaro kada ya tsura wa babba ido. In ka tsaya a kansa, sunkuyar da kai zai yi, kuma daidai ya yi. In ka zauna ƙasa kana wasa da ƙasa, ka fita daga sahun manyan da ake jin nauyi.

Ƙiwa takan fara ne wajen wata 7 zuwa 9, ta kan kuma kai shekara 2. Yaro mai ƙiwa kada ka miƙa masa hannu, kada ka ce "zo nan". Gaisa da uwar, ka zauna nesa kaɗan kuna hira, kyamara a cinya, ka yi kamar ba ka san da shi ba. Shi da kansa zai fara leƙowa ta bayan zaninta, kuma wannan leƙen ma hoto ne. In ya ƙi sauka daga jikinta, a bar shi: ta juya maka baya ya leƙo ta kafaɗarta, ko a ɗauke shi a goye daga gefe.

Masu ɗan wayo kuwa, ba su su danna sau ɗaya, su ɗauki Mama, su gani. Daga nan ka kafa doka: "Sauran sai mun gama." In ba haka ba, duk dannawa ɗaya sai sun rugo suna "Kawu mu gani!", ka ƙare da hotunan goshi.

Mataki na 7: ba shi abin yi

Yaron da aka ce ya tsaya kawai, tunanin kyamara yake. Wanda hannunsa ke aiki ya manta da ita. Ka kai aikin wurin hasken da ka zaɓa: faranti da wake a tsince, tsaba a watsa wa kaji, buta da kofi a yi ta zuba ruwa, kumfar sabulu a busa, 'yartsana a goya, gare a kora. 'Yan mata su yi carafke ko gaɗa, maza su yi langa. In gudu ake yi, ka sa su taho wajenka daga nesa, ka fara dannawa tun suna hanya.

In kana son ya ɗago ya dube ka, yi masa tambayar banza da fuskar gaske. "Wai da gaske ne akuyar nan taku Turanci take ji?" Kira shi da sunan ƙanwarsa. Ɗora silifas a kanka ka ci gaba da aiki kamar ba komai. Ko ka haɗe rai ka ce, "Duk wanda ya yi dariya ya faɗi." Babu ɗan shekara 4 da ke tsallake wannan.

Makamin da ya fi duka, in ana da shi a gida, kaka ce. Wasan jika da kaka ya riga ya yi maka shimfiɗa. Ta zauna a bakin ƙofarta ta ce, "Ina mijin nan nawa da ko kuɗin cefane bai ba ni ba yau?" sai ka ga yaro ya turo baki yana ramawa, ita tana ƙyalƙyala dariya. Ka bar su, ka yi ta ɗauka. Haka kakan namiji da "amaryarsa". A gefe guda, in ɗan fari ne kuma gidan masu alkunya ne, kada ka matsa wa uwa ta rungume shi tana sumbata a gaban surukai. Za ta ƙame fiye da yaron. Ka jira ɗaki ya zama daga ita sai shi, ko ka ɗauke shi da goggonsa.

Shekaru ma suna canja aikin. Jariri na ranar suna barci ne aikinsa: a shimfiɗe shi kusa da taga, ko a hannun mai jego, ka ɗauki fuska, da tafin ƙafa, da yatsunsa riƙe da yatsan babba. Hotunan da kake gani a intanet na jariri ya tallafe haɓa da hannu ko yana lilo a cikin zane, haɗi ne na kwamfuta, akwai hannun babba da aka goge. Kada ka gwada. In za ka ɗauka daga sama, igiyar kyamara a wuya, waya kuma a riƙe da hannu biyu. Murmushin gane mutane yana farawa wajen sati 6 zuwa 8. Daga wata 6 zuwa 9 ne lokacin da ya fi sauƙi, yaro ya iya zama bai iya gudu ba. A sa matashi a bayansa. Mai tatata zuwa ɗan shekara 3 ba ya karɓar umarni, bin sa ake yi. 'Yan 5 zuwa 7 su ne gwanayen yaƙe, don sun riga sun koyi "fuskar hoto", su ne kuma masu famfara da ke rufe baki saboda giɓi. Kada ka yi maganar giɓin, ka sa su dariya kawai.

Mataki na 8: danna, kada ka sauke

Fokas a ido, idon da ya fi kusa da kai. Bar fili a gefen da yaron ke kallo. Kada ka yanke hoto daidai gwiwa, wuyan hannu ko idon sawu. Ɗauki na nesa da ke nuna gidan, na tsakiya, da na kusa: lalle a tafin hannu, layin kitso, ƙafafu masu ƙura cikin takalmin Baba.

Yawancin mutane suna sauke waya da zarar dariya ta ƙare. Ka ƙara daƙiƙa 2 ko 3. Fuskar da ke biyo bayan dariya, ido yana sheƙi baki ya fara rufuwa, sau da yawa ta fi dariyar kanta. Kuma ba dole sai da fara'a ba. Yaron da ya tattara hankali yana ɗaure igiya, ko ya yi tagumi, ko ya kumbura don an hana shi abu, shi ma shi ne. Kuka na gaske dai a ajiye kyamara a rarrasa. In ya ce ya gaji, an gama.

Mataki na 9: zaɓe da gyara

Zauna a ranar ka tace, tun kafin su taru su cika waya. Daga kowane jeri ɗauki ɗaya, ka buɗe shi sosai ka duba ido ya fito tas. Hotuna 10 masu kyau sun fi 200 da babu mai sake buɗewa. Manhajojin gyaran hoto Snapseed ko Lightroom na waya sun wadatar: daidaita karkata, ɗaga inuwa kaɗan, gyara launi in fata ta yi ja ko toka-toka. Majina da ɓurɓushin biskit a goge. Tabon faɗuwa, giɓi da launin fata a bar su yadda suke. In ka gama, ɗaga wayar kusa da fuskar yaron ka gwada. In na allo ya fi na gabanka haske, ka wuce gona da iri.

Mataki na 10: turawa da ajiya

WhatsApp yana matse hoto in ka tura shi kai tsaye. Tura shi a matsayin fayil, ko aƙalla ka danna HD, musamman in wankewa za a yi. Kafin ka saka a fili, koma kan abin da iyaye suka yarda da shi a farko. Kashe saitin da ke manna wurin da aka ɗauka a jikin hoto. Kada bajen makaranta, lambar gida ko lambar mota su fito. Hoton wanka ko na tsirara, komai ƙanƙantar yaro, ba na intanet ba ne, kuma gara ma kada a ɗauka. Yaran da ka gani a titi, almajirai ko masu talla, su ma 'ya'yan wasu ne. Rashin babba a kusa da su ba izini ba ne.

Waya tana faɗuwa, ana sacewa, memori yana lalacewa. Asusun Google yana ba da 15GB kyauta, ka kunna ajiyar Google Photos, ka kuma kwafe zaɓaɓɓun a kwamfuta ko filas. Mafi kyawun kuma a wanke su a takarda. Girman inci 4 da 6 yana buƙatar ɗigo 1200 da 1800 ne kawai, abin da kowace wayar yanzu ta wuce. Ka gaya wa mai wankin kada ya ƙara haske a fuska, don da yawansu suna yi ba tare da an tambaye su ba, kuma ka nemi ya fitar da ɗaya ka gani kafin ya wanke sauran. A bayan kowanne rubuta sunan yaron, shekarunsa da kwanan wata da fensir, don biro yana huda takarda tawadarsa kuma ta kama hoton da ke ƙasa. A sa su a albam mai leda, a ajiye a saman durowa nesa da bangon da ke jiƙa da damina.